Idan Bidiyo Ya Ƙi Buɗewa: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take Kafin A Taɓa Fayil

Kwana uku bayan ƙaramar sallah, wani matashi mai ɗaukar bidiyo ya shigo shagona a Tudun Wadan Zariya da kwamfutarsa a hammata, fuskarsa babu annuri. Ya yini a rana yana ɗaukar Hawan Bariki da wayar iPhone, ya zuba fayilolin a kwamfuta, amma da ya buɗe manhajar da yake tara ayyukansa a ciki sai ya tarar da jerin baƙaƙen akwatuna, babu hoto ko ɗaya, kuma duk wanda ya danna sai ya ji kiɗan algaita da ihun 'yan kallo ba tare da ya ga doki ba. Ya ce da ni, "Malam, aikin nan ya lalace, kuma na riga na karɓi kuɗin mutane." Na tambaye shi, "Ƙanena, ka goge na cikin wayar?" Ya ce bai goge ba. Na ce to ya zauna ya sha ruwa. Muka ɗauki fayil ɗaya muka buɗe shi da manhajar kunna bidiyo ta VLC, nan take sai ga mahaya da rawunansu suna wucewa tiryan-tiryan. Babu abin da ya sami fayilolin, kwamfutarsa ce kawai ba ta iya karanta irin rubutun da wayar ta yi amfani da shi ba.

A cikin shekarun da na yi ina adana bidiyon bukukuwa da na tafsiri da na taron makarantu, abin da na fi gani shi ne mutum ya yanke wa fayil hukuncin lalacewa alhali lafiyarsa ƙalau, sannan garin gyara ya lalata shi da hannunsa. Matsalar bidiyo tana zama a ɗaya daga wurare uku: ko a jikin fayil ɗin, ko a manhajar da ake son ta nuna shi, ko a na'urar da ke ɗauke da shi, wato kati ko faifan ajiya ko ita kanta kwamfutar. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yana iya zama gubar wani, saboda haka aikin farko shi ne a gano wanne ne daga cikinsu.

Kafin komai, ka yi kwafi

Da zarar bidiyo ya nuna alamar gardama, ka kwafe shi zuwa wata folda a wani faifai dabam, ka yi duk gwaje-gwajenka a kan kwafin. Kada ka sake ɗaukar wani abu a kan katin da ya fito daga ciki, kada ka yi wa katin fomat ko da kwamfuta ta fito da saƙo tana neman ka yi, kuma kada ka bar wata manhajar gyara ta rubuta sakamakonta a kan fayil na asali. Idan katin SD ne, akwai ɗan makulli a gefensa, ka tura shi ƙasa domin kada a iya rubuta komai a kansa. Wannan mataki ba ya cin minti goma, amma shi ne yake raba wanda zai iya sake gwadawa da wanda ya rasa bikin da ba za a maimaita ba.

Shi kansa yin kwafin gwaji ne. Idan kwafin ya tafi sumul har ƙarshe, to na'urar da ke ɗauke da fayil ɗin tana da sauran lafiya. Idan kuwa ya tsaya a wuri ɗaya kullum, ko gudunsa ya faɗi ƙasa warwas, ko faifan ya riƙa ƙara yana ƙwas-ƙwas, to ka san inda ciwon yake, kuma manhaja ba ta da laifi.

Bayan haka sai ka dubi nauyin fayil ɗin, ka auna shi da tsawon abin da aka ɗauka. Kyamarar da ke ɗauka a kan megabit 24 a daƙiƙa, kamar yawancin masu tsarin AVCHD da ake zuwa biki da su, tana cin kusan megabait 180 a minti guda, wato fiye da gigabait 10 a awa. Idan fayil ɗin da ya kamata ya ɗauki ɗaurin aure na minti ashirin bai wuce kilobait kaɗan ba, ko yana nuna sifili, to ba a gama kwafe shi ba tun farko, ko kuma gajeriyar hanya, wato shortcut, aka kwafo a maimakon fayil ɗin. Sai a koma kan katin asali.

Gwaji na uku shi ne wanda na yi wa wancan matashin. VLC manhaja ce kyauta ta ƙungiyar VideoLAN da ke Faransa, kuma abin da ya bambanta ta shi ne tana zuwa da nata kayan karanta bidiyo a cikinta, ba ta dogara da abin da ke cikin Windows ba. Idan VLC ta buɗe fayil da hoto da murya, ka ja shi tsakiya, ka ja shi ƙarshe, duk ya yi daidai, to fayil ɗinka lafiya lau yake, kuma matsalar tana ga manhajarka ko kwamfutarka. Idan ita ma ta ƙi, sai a fara zargin fayil ɗin.

Ambulan dabam, rubutun wasiƙa dabam

A nan ne mafi yawan ruɗani yake, don haka zan ɗan daɗe a kai. Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su MP4 da MOV da MKV da MTS da AVI, sunan mazubi ne kawai. Kamar ambulan ne. Abin da ke ciki kuwa, wato hoton da muryar, an matse su ne da wani tsari da ake kira kodek, kuma shi ne rubutun wasiƙar. Ana iya kawo maka ambulan biyu iri ɗaya, ka buɗe ɗaya ka tarar da boko, ka buɗe ɗayan ka tarar da ajami. Wanda bai yi karatun ajami ba zai ce wasiƙar ba ta karantuwa, alhali in an miƙa wa almajiri zai karanta ta ba gargada. Haka fayil biyu masu MP4 a ƙarshe suke, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya ƙi. Wannan ne ma ya sa canja sunan fayil daga MOV zuwa MP4 da hannu, wanda mutane da yawa ke yi, ba ya sauya komai a ciki.

Kodek ɗin da kusan kowace na'ura ta sani shi ne H.264, wanda aka kafa a shekarar 2003. Magajinsa, H.265 da aka fi sani da HEVC, ya zo a 2013, kuma yana ba da hoto mai kyau iri ɗaya a fayil mafi ƙanƙanta, sai dai yana buƙatar ƙarfin na'ura sosai kafin a warware shi. Tun daga iOS 11 a 2017 wayoyin iPhone suka koma ɗauka da HEVC, haka ma wayoyin Android da yawa da jirage marasa matuƙi da ake ɗaukar hawan sallah da su daga sama. Ita kuwa Windows ba kullum take zuwa da makarancin HEVC ba. Sakamakon shi ne murya ba hoto, ko baƙin allo, ko saƙo mai lamba 0xc00d5212, wanda ma'anarsa kodek ɗin babu shi a kwamfutar. Ɗan'uwansa 0xc00d36c4 ya fi faɗi, domin yana iya nufin ba a san nau'in fayil ɗin ba, ko sunan ƙarshensa ba daidai ba ne, ko fayil ɗin ya lalace.

Don ka san rubutun da ke cikin ambulan ɗinka, ka sauke ƙaramar manhajar nan ta kyauta mai suna MediaInfo, ka jefa fayil ɗin a ciki. Abubuwa huɗu nake dubawa: sunan kodek na hoto, ko AVC ne, wato H.264, ko HEVC, zurfin launi, ko bit 8 ne ko bit 10, yanayin gudun firam, wato yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa, ko tsayayye ne ko mai canjawa, sai kodek na murya, ko AAC ko AC-3 ko PCM. Waɗannan layuka huɗu sukan bayyana mafi yawan matsalolin da ake kawo mini.

Idan HEVC ne, hanya mafi sauƙi ita ce a saka HEVC Video Extensions daga Microsoft Store, wanda ake saya a kan kuɗi kaɗan, sannan a rufe manhajar a sake buɗewa. Amma akwai abin lura ga masu kwamfutocin gwanjo, waɗanda su ne a hannun yawancinmu. Injin Intel bai fara warware HEVC da kansa gaba ɗaya ba sai a zubi na 6, wato 6th generation, kuma mai bit 10 sai a zubi na 7. Idan kwamfutarka Core i5 ce ta zubi na 3 ko na 4, bidiyon zai iya buɗewa bayan an saka makarancin, amma zai riƙa tafiya yana tsayawa, fanka tana kuka, musamman idan 4K ne. A irin wannan hali ba na ba da shawarar a ci gaba da kokawa da shi. Gara a juya kwafin zuwa H.264 da manhajar HandBrake, wadda ita ma kyauta ce, a ajiye na asali a gefe. Kuma ga aikin gaba, mai iPhone ya shiga Settings, ya shiga Camera, ya shiga Formats, ya zaɓi Most Compatible, wayar za ta koma ɗauka da H.264.

Akwai kuma bidiyon da ke buɗewa amma launinsa ya koɗe kamar atamfar da ta sha rana, ko haskensa ya yi yawa har fararen riguna su haɗe da bango. Wannan yawanci HDR ne, wato tsarin ɗauka mai yalwar haske da launi, wanda iPhone 12 da na bayanta suke ɗauka da shi tun 2020, kuma allon da bai san shi ba ko manhajar da ba ta iya sauke shi zuwa launi na yau da kullum ba sai su nuna shi a koɗe. Fayil ɗin bai lalace ba. Ana kashe HDR Video a ƙarƙashin Record Video cikin saitin kyamarar wayar idan aikin na talabijin ɗin gida ne ko na WhatsApp.

Idan kuma hoto yana tafiya amma shiru, ka dubi layin murya. Kyamarorin AVCHD na Sony da Panasonic suna yawan amfani da AC-3, kuma Microsoft ta daina haɗa makarancin AC-3 a sabon zubin Windows 11 tun daga sigar 24H2. Don haka tsohon bidiyon da ke magana a kwamfutar bara yana iya yin gum a sabuwar da aka ɗora wa Windows kwanan nan. Maganinsa shi ne a juya muryar kaɗai zuwa AAC a bar hoton yadda yake, kuma FFmpeg, manhajar juya bidiyo da ake rubuta wa umarni a Command Prompt na Windows, na yin haka cikin ɗan lokaci da wannan umarni:

ffmpeg -i asali.mts -c:v copy -c:a aac sabo.mp4

Kalmar copy da ke ciki tana nufin a ɗauke hoton a zuba a sabon ambulan ba tare da an sake matse shi ba, saboda haka ingancinsa ba ya raguwa ko kaɗan.

Ina gargaɗi da babbar murya a kan tarkacen kodek da ake saukewa daga shafukan da ba a san asalinsu ba, da kuma tsohuwar QuickTime ta Windows, wadda Apple ta daina kula da ita tun 2016. Na sha karɓar kwamfutar da aka jibga wa irin waɗannan kashi uku ko huɗu a kan juna, kowanne yana ƙwace aikin ɗan'uwansa, har bidiyon da a da yake buɗewa ya daina. Cire su yakan fi saka su amfani.

Idan laifin na manhaja ne

Manhajojin tara bidiyo da hotuna, irin su Adobe Bridge da Lightroom Classic, da na tace bidiyo irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve, ba sa buɗe ainihin fayil duk lokacin da ka leƙa folda. Sukan ƙirƙiri ɗan ƙaramin hoton samfoti sau ɗaya, su ajiye shi a wata ma'ajiya ta wucin gadi, daga nan shi za su riƙa nuna maka. Idan aka ɗauke wuta suna tsakiyar wannan aiki, ko suka yi shi a lokacin da kodek ɗin bai shiga kwamfutar ba, to baƙin akwatin da suka ajiye shi za su ci gaba da nunawa ko da an gyara asalin matsalar. Mutane da yawa sukan saka makarancin HEVC su ga babu canji su ce bai yi aiki ba, alhali tsohon samfoti ne suke kallo.

Share wannan ma'ajiya ba ya taɓa bidiyonka. A Premiere Pro ana samunta a Preferences ƙarƙashin Media Cache, a Bridge da Lightroom Classic ma tana cikin Preferences da maɓallin Purge Cache. Ga ƙananan hotunan da Windows kanta ke nunawa a folda, ka buɗe Disk Cleanup, ka sa alama a Thumbnails, ka share, za ta sake gina su. Ka kuma leƙa File Explorer Options a shafin View, ka tabbata babu alama a kan layin da ke cewa Always show icons, never thumbnails, domin masu ɗora Windows a kasuwa sukan kunna shi don kwamfuta ta yi sauri. Idan faifan C ya cika maƙil, manhaja ba za ta sami inda za ta rubuta samfoti ba, don haka ka rage masa kaya.

Wata matsalar da ke firgita sababbin hannu ita ce jan allon nan mai rubutun Media Offline. Manhaja ba ta haɗiye bidiyonka a cikinta, adireshinsa kawai take riƙewa. Idan jiya faifan waje ya shigo da harafin E, yau kuma ka fara cusa filashi sai faifan ya koma F, to manhajar za ta je ƙofar E ta tarar ba kowa. Haka idan ka canja sunan folda ko ka matsar da ita daga wajen manhajar. A Premiere ana gyarawa da Link Media, a Resolve da Relink, ka nuna mata fayil ɗaya sauran su biyo baya. Maganin dindindin shi ne ka shiga Disk Management ka ba faifan aikinka harafi na can ƙarshe, kamar V ko W, wanda wata na'ura ba za ta riga shi ɗauka ba.

Sunan fayil ma yana da nasa rikicin, kuma wannan ya shafe mu Hausawa musamman. Windows ta zamani ba ta da matsala da ƙ da ɗ da ɓ, amma tsofaffin manhajoji da wasu talabijin masu karɓar filashi sukan rikice idan suka gamu da su, ko da alamar da ke gaban 'yan da 'yar. Ina ƙaunar rubuta Hausa da ƙugiyoyinta, amma a sunan fayil na haƙura da su, nakan rubuta 2024-06-daurin-aure-01 in wuce. Haka kuma cikakken adireshin fayil, daga harafin faifai har sunansa, idan ya haura haruffa 260, manhajoji da yawa ba sa iya kaiwa gare shi, saboda haka folda cikin folda cikin folda masu dogayen sunaye ba alheri ba ne.

Idan allo ya zama kore, ko hoton ya tsattsage gida-gida, ko manhajar ta mutu da zarar ka danna kunnawa, alhali fayil ɗin yana yi a wata kwamfuta, to ka zargi katin hoto na cikin kwamfutar da direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi. Gwajin yana da sauƙi: a VLC ka shiga Tools, Preferences, Input/Codecs, ka mayar da Hardware-accelerated decoding zuwa Disable. Idan hoton ya daidaita, ka sabunta direban daga shafin Intel ko NVIDIA ko AMD, ko ka kashe irin wannan saiti a manhajarka ta aiki.

Sai batun baki da murya su rabu, malami ya rufe baki amma ana jin karatu, kuma tazarar tana ƙaruwa yayin da bidiyon ke tafiya. Wayoyi ba sa riƙe gudun firam a tsaye, sukan rage shi idan haske ya yi ƙasa ko wayar ta yi zafi, kuma manhajojin tacewa ba duka ke jure wannan ba. MediaInfo za ta rubuta Variable a layin gudun firam. A HandBrake, ka bar gudun a Same as source, ka zaɓi Constant Framerate, ka juya kwafin, ka yi aiki da shi.

Idan da gaske fayil ɗin ya ji ciwo

Wata Hajiya ta taɓa aiko ɗanta da katin da aka ɗauki walimar saukar Alƙur'ani ta jikanta. Fayil na ƙarshe, wanda a ciki yaron ya yi karatu a gaban malaminsa, nauyinsa ya kai kusan gigabait 2 amma babu manhajar da ta buɗe shi. Batir ne ya mutu ana cikin ɗauka. Ta kira ni a waya ta ce, "Malam, don Allah ko muryarsa ce a ceto mini." Na ce, "Hajiya, in sha Allahu za mu gwada, amma a turo mini wani bidiyon da aka ɗauka da wannan kyamarar a ranar."

Dalilin wannan buƙata shi ne yadda MP4 da MOV suke ginuwa. Kyamara tana zuba hoto da murya a kati yayin da take ɗauka, amma fihirisar da ke faɗin inda kowane firam yake da tsawonsa, wadda ake kira moov, sai an danna tsayawa take rubuta ta. Idan batir ya mutu, ko aka zare kati, ko wayar ta ɗauke kafin nan, to kayan suna nan amma babu jagora, kamar littafin da aka warwatsa shafukansa ba lamba. FFmpeg takan faɗi haka ƙarara da cewa moov atom not found. Akwai manhaja kyauta mai suna untrunc da ke duba lafiyayyen fayil na kyamara ɗaya da saiti ɗaya, ta koyi tsarinsa, ta sake gina wa marar lafiyan fihirisa. Ba kullum take nasara ba, kuma wani lokaci muryar takan ɗan goce, amma a wannan karon karatun yaron ya dawo, in ban da daƙiƙu kaɗan na ƙarshe.

Saboda wannan ne nake roƙon masu ɗaukar tafsirin azumi da manhajar OBS a kwamfuta su zaɓi MKV a matsayin mazubi. Shi MKV ko an ɗauke wuta abin da aka riga aka ɗauka yana nan, kuma bayan an gama sai a shiga File a zaɓi Remux Recordings a mayar da shi MP4 cikin ɗan lokaci.

Idan fayil yana buɗewa amma yana sarƙewa a wani wuri, wannan umarni zai karanta shi daga farko har ƙarshe ya lissafo inda ya ci karo da ɓarna, idan kuma bai rubuta komai ba to bai sami aibu ba:

ffmpeg -v error -i asali.mp4 -f null -

Ga masu kyamarar AVCHD kuma, kada a shiga cikin kati a tsinci fayilolin MTS ɗai-ɗai. A kwafe foldar PRIVATE gaba ɗayanta, domin a cikinta akwai bayanan da ke gaya wa manhaja cewa guntaye uku ko huɗu ɗauka ɗaya ce da kyamara ta yanka. Tana yankawa ne saboda tsarin ajiyar fayiloli na FAT32, wanda katunan da ba su wuce gigabait 32 ba suke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Wannan iyaka ce kuma take sa filashi mai sarari da yawa ya ce fayil ya yi masa girma. Idan aka mayar da filashin exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke ciki, matsalar ta ƙare.

Akwai ciwon da ba shi da magani, kuma gara in faɗe shi a fili. Katin jabu yakan nuna wa kwamfuta cewa gigabait 128 ne alhali ainihin cikinsa 8 ne ko 16. Bidiyon farko-farko za su yi lafiya, amma duk abin da ya haura ainihin cikin katin sunansa da nauyinsa kawai za a gani, babu komai a ciki, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba. Alamarsa ita ce fayilolin safe suna buɗewa, na yamma duka sun ƙi. Araha ba ta ado. Duk sabon kati ko filashi, kafin ya je wurin aiki, a gwada shi yana fanko da H2testw, wadda ke cika shi da bayanai ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar abin da yake ɗauka. Gwajin yakan ci awa ɗaya ko fiye, kuma ban taɓa nadamar lokacin ba.

Filashin da ya zaga shagunan buga takardu na unguwar Samaru ko Kongo a nan Zariya kuwa yakan dawo da ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Kada a danna su. A fara wanke filashin da manhajar kashe ƙwayoyin cuta, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta wannan, a sa harafin filashin a wurin E, fayilolin za su fito daga maɓoyarsu:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Zafi, ƙura da waya

Wani lokaci fayil lafiya, manhaja lafiya, amma bidiyon yana tafiya kamar mai ɗingishi. A watannin Maris da Afrilu, idan zafin Zariya ya kankama, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma alamar ita ce minti goma na farko lafiya, daga nan sai tsaitsayawa. A kai ta a buɗe a hure ƙurar, a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma. Kwamfutar da ke kan batir ma takan rage ƙarfi, don haka a gwada ta a jone da wuta. Faifan waje kuma a cusa shi a ramin USB 3.0, wanda yawanci cikinsa shuɗi ne, domin tsohon USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa ne a takarda, sabon kuwa gigabit 5. Wayar faifan ita ma takan gaji, kuma canja ta ya sha warware abin da aka yi kwana biyu ana nema a cikin saiti. Idan kana zargin faifan kansa, CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyarsa, kuma da ka ga ta rubuta Caution ka kwashe kayanka a ranar.

Idan kwamfutar ce dai ba ta da ƙarfin 4K, Premiere da Resolve duka suna iya yin kwafi marar nauyi da suke kira proxy, ka yi tacewarka a kansa, su koma kan na asali lokacin fitarwa.

Saura abin da ake miƙa wa mai aiki. Sau da yawa bidiyo yana yi a shago, amma Alhaji ya kai gida ya cusa a talabijin ya kira ya ce ba ya yi. Abin da na tsaya a kai shi ne MP4 mai H.264 na bit 8 da muryar AAC, girman 1080, wanda wannan umarni ke fitarwa idan na asalin ma 1080 ne:

ffmpeg -i asali.mov -c:v libx264 -crf 20 -pix_fmt yuv420p -c:a aac sabo.mp4

Tsofaffin talabijin da yawa ba sa karanta exFAT, don haka nakan bar filashin a FAT32 in raba bikin kashi-kashi, kamu dabam, ɗaurin aure dabam, kowanne ƙasa da gigabait 4. Idan ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin Document, wanda ke karɓar har gigabait 2 ba tare da an matse hoton ba. Kafin filashin ya bar shago nakan cusa shi a tsohuwar talabijin da na ajiye don wannan aiki, in kalli farkon kowane kashi da tsakiyarsa da ƙarshensa, kuma ba na goge katin asali sai mai aikin ya kira ya ce iyalinsa sun kalla.